Ragowar sinadari a haƙoran roba: Dalilin da ya sa wani ke ɗorewa, wani kuma ke ƙona baki

Mutumin Jajimaji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa a arewacin Jihar Yobe, idan ya rasa haƙori kuma yana son a cike masa giɓin, yawanci tafiya ce ke gabansa. Ko dai ya nufi Nguru, inda Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya take, ko ya yi gabas zuwa Gashuwa, ko kuma ya zarce Damaturu, Maiduguri ko Kano. Aikin haƙorin roba kuwa ba a gama shi a zama ɗaya: akwai ranar ɗaukar awon baki, akwai ranar gwaji, akwai ranar karɓa, sannan sau da yawa a koma domin gyara. Ga manomi ko makiyayi ko ɗan kasuwa, kowace komawa kuɗin mota ce da asarar yini guda.

Wannan ne ya sa duk wanda ya yi alƙawarin gama aikin cikin awa ɗaya, a kan kuɗi kaɗan, ba ya rasa masu zuwa wurinsa. Sai dai a kimiyyar haɗa haƙoran roba, lokaci da zafin wuta su ne ke tantance nagarta. Idan aka rage su, wani ruwan sinadari mai kaifin wari yakan ragu a cikin robar bai gama sandarewa ba. Masana suna kiran sa ragowar monoma, kuma yawansa ko ƙarancinsa na daga cikin manyan ma'aunan da ake gane kyakkyawan haƙorin roba da su a duniya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa mutane kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙora. Ƙididdigar hukumar ta kuma nuna cewa kusan kashi 23 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama sun rasa haƙoransu gaba ɗaya. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, haƙorin roba da ake cirewa a mayar shi ne mafita mafi sauƙin kuɗi, saboda haka ingancin robar batu ne da ya shafi miliyoyin jama'a.

Abin da ake haɗa robar da shi

Robar nan mai launin dasashi da ake dasa haƙoran a kanta ana kiran ta akirilik, cikakken sunanta kuma polimetil metakirilet. Tana isa hannun mai aiki kashi biyu: gari da ruwa. Garin ƙananan ƙwayoyi ne na robar da aka riga aka sandarar a masana'anta, an gauraya su da launi da wani sinadari mai tayar da aikin da ake kira benzoyil feroksaid. Ruwan kuwa shi ne monoma, wato metil metakirilet, ruwa garai mai saurin bin iska da saurin kama wuta. Ana sanya masa ɗan sinadarin haidirokwinon domin kada ya daskare a cikin kwalba tun ba a buƙace shi ba.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar abin da ke faruwa ita ce a dubi carbi. Kowace ƙwayar monoma tamkar ƙwayar carbi ce guda da ba a zura ba. Idan zafi ya farfasa sinadarin da ke cikin garin, sai ƙwayoyin su shiga kama juna ɗaya bayan ɗaya, su zama dogayen zarurruka masu ɗauke da dubban ƙwayoyi. Zarurrukan su ne polima, kuma harɗewarsu da juna ce ke ba robar tauri. Ƙwayoyin da aikin ya ƙare ba su sami shiga zare ba, su ne ragowar monoma. Suna nan a saƙale tsakanin zarurrukan, a shirye suke su fita da zarar sun sami hanya.

Dalilin da ya sa ba a taɓa rasa ragowar ƙwata-ƙwata shi ne, yayin da zarurrukan ke tsawo, robar na ƙara tauri, har ta kai matsayin da ƙwayoyin da suka rage ba sa iya motsawa su isa bakin zaren da za su kama. Ƙarin zafi na sassauta robar kaɗan, ya ba su damar motsi, shi ya sa tafasawar ƙarshe ke da muhimmanci. Iskar oksijin ma tana hana aikin kammaluwa, don haka fuskar robar da aka bari a buɗe yayin sandarewa takan fi yawan ragowa.

Ita robar da ta gama sandarewa ba ta faye cutar da jiki ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, likitan ido ɗan Ingila Harold Ridley ya lura cewa ɓarɓashin wannan roba da ya shiga idanun matuƙan jiragen yaƙi, daga murfin jirgi da ya fashe, bai tayar da kumburi irin wanda aka yi zato ba. Wannan lura ce ta kai shi ga dasa tabaron roba na farko a cikin idon mutum a 1949. Matsalar tana tattare da ruwan da bai sandare ba.

Daga baƙar roba zuwa akirilik

Kafin akirilik, an shafe shekaru masu yawa ana yin gindin haƙora da taurararriyar roba ta bishiya, wadda Nelson Goodyear ya yi wa rajistar mallaka a Amurka a 1851. Tana da arha, amma launinta ba ya kama da na dasashi, kuma tana riƙe wari. A 1933 kamfanin masanin sinadarai Otto Röhm na Jamus ya fito da akirilik kasuwa da sunan Plexiglas. A 1936 kamfanin Kulzer, shi ma a Jamus, ya ɓullo da dabarar kwaɓa gari da ruwa su zama ƙulli, a 1937 kuma Walter Wright ya gabatar da sakamakon gwajin robar a bakin marasa lafiya a Amurka. Cikin shekara goma akirilik ya kori tsohuwar robar daga mafi yawan ɗakunan haɗa haƙora, kuma har yau dabarar gari da ruwa ce ake amfani da ita daga Landan har Nguru.

Hanyoyi biyu na sandarar da roba

Hanya ta farko ita ce ta dafawa. Bayan likita ya ɗauki awon baki, masanin haɗa haƙora zai zuba filasta ya fitar da siffar muƙamuƙi, ya jera haƙoran a kan kaki, a gwada a bakin mai shi. Daga nan sai a binne aikin cikin filasta a wani ƙaramin akwatin ƙarfe, a narkar da kakin da ruwan zafi, ya bar gurbi. Sai a kwaɓa gari da ruwa, kusan awo uku na gari ga awo ɗaya na ruwa. Kwaɓin yakan bi matakai: da fari kamar jiƙaƙƙen yashi, sannan ya yi yauƙi yana jan zare, sannan ya zama ƙulli da ba ya manne wa hannu. A wannan mataki na ƙulli ne ake cusa shi cikin gurbin, a matse akwatin, a saka cikin ruwa.

Littattafan koyar da wannan sana'a sun san tsari biyu na dahuwa. Ko dai a bar akwatin cikin ruwa mai zafin digiri 74 a ma'aunin Salshiyos na tsawon awa takwas ko fiye, ko kuma a bar shi a digiri 74 na kusan awa biyu sannan a tafasa shi a digiri 100 na awa guda. Robar da aka dafa yadda ya kamata, musamman wadda aka kammala da tafasawa, ragowar monomarta kan sauka zuwa tsakanin kashi 0.2 da 0.5 cikin 100.

Hanya ta biyu ita ce ta roba mai sandarewa da kanta, wadda ba ta buƙatar wuta. A cikin ruwanta akwai wani sinadari na dangin amin da ke tayar da aikin da zarar an haɗa shi da garin, cikin 'yan mintoci ta yi tauri. An yi ta ne domin gyaran haƙorin da ya karye, ko ƙara wa wanda ya yi sako-sako ciko, ko aikin wucin gadi. Ragowar monoma a cikinta kan kai kashi 3 zuwa 5 cikin 100, wato ninki goma na wadda aka dafa. Sinadarin amin ɗin kuma yakan sa launinta ya koma rawaya-rawaya da tafiyar lokaci.

Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya, a ƙa'idarta mai lamba ISO 20795-1, ta ƙayyade cewa ragowar kada ta wuce kashi 2.2 cikin 100 na nauyi a robar dafawa, kada kuma ta wuce kashi 4.5 a mai sandarewa da kanta. Ana auna wannan a ɗakin gwaji ne, ta hanyar narkar da gutsuren robar a raba sinadaran da na'ura. Ido ba ya iya gane adadin, amma hanci da baki sukan ba da alama.

Illa ga ƙarfin haƙorin

Ƙwayoyin monoma da suka rage suna zama tsakanin zarurrukan kamar mai, su hana su riƙe juna da kyau. Robar sai ta yi laushi fiye da kima, ta riƙa lanƙwasa a ƙarƙashin tauna, lanƙwasar yau da gobe kuma ita ke haifar da tsagewa. Haƙorin sama na baki ɗaya yakan rabe biyu daga tsakiyar ganɗa, na ƙasa kuma ya karye idan ya faɗi. Ƙa'idar ISO ta nemi robar dafawa ta jure lanƙwasa da ƙarfin da bai gaza megafaskal 65 ba, mai sandarewa da kanta kuma 60, kuma yawan ragowa na iya sa roba ta kasa kai wannan mizani.

Idan monomar ta fice daga baya, takan bar ƙananan ramuka da ruwa ke shiga. Robar na shan ruwa, siffarta na ɗan sauyawa, haƙorin da ya zauna daram a makon farko ya fara rawa. Ramukan suna riƙe launin goro da shayi da manja, suna kuma zama maɓoyar ƙwayoyin cuta, musamman naman gwarin nan da ake kira kandida, mai sa ganɗa ta yi ja a ƙarƙashin haƙorin roba. Misalin abin kamar tukunyar ƙasa ce da aka cire daga wuta ba ta gama ƙonuwa ba: a ido ba ta da aibu, amma tana tsatsafo, kuma ba ta daɗewa.

Gaggawa ta wani ɓangaren ma tana da nata lahani. Monoma na tafasa a digiri 100.8, kuma sandarewar kanta tana fitar da zafi. Idan aka jefa akwatin kai tsaye cikin tafasasshen ruwa domin a rage lokaci, zafin cikin robar zai haura wannan iyaka, monomar ta tafasa ta bar kumfa a wuraren da robar ta fi kauri. Haka kuma idan aka zuba ruwa fiye da awonsa domin kwaɓin ya yi sauƙin sarrafawa, ragowar na ƙaruwa, ƙanƙancewar robar ma na ƙaruwa. Monoma zalla tana raguwa da kusan kashi 21 cikin 100 na girmanta idan ta sandare. Haɗa ta da gari bisa awo ne ke mayar da wannan zuwa kusan kashi 7.

Illa ga baki da jiki

Monoma na fita daga robar ta shiga yawu, kuma mafi yawan fitar tana faruwa ne a yini na farko. Tana iya sa baki zafi kamar an ci barkono, dasashi da ganɗa su yi ja, su kumbura, wani lokaci har su yi gyambo. Wani ɓangare nata kuma, idan ya haɗu da iska, yakan rikiɗe ya zama fomaldihaid, wanda shi ma ke ƙaiƙayi da ƙona fata. Ga mafi yawan mutane wannan ƙuna ce ta sinadari, tana raguwa idan monomar ta ragu. Ga ƙalilan kuwa jiki ne ke ƙin sinadarin baki ɗaya, ta yadda ko ɗan kaɗan ya taɓa su sai alamun su dawo. Irin waɗannan ana tabbatar da matsalarsu da gwajin fata, a nema musu wani nau'in kayan aiki.

Ba kowane ciwon baki ne laifin monoma ba, kuma bambancewar aikin likita ne. Zafin monoma yakan fara cikin awoyi ko kwanaki kaɗan bayan sanya sabon haƙori ko gyara shi, ya mamaye duk inda robar ta taɓa. Gogar gefen haƙori takan yi rauni a wuri guda. Ciwon kandida kuwa yakan zo a hankali bayan makonni ko watanni, musamman ga mai kwana da haƙorinsa ko mai ciwon sukari. Gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, ko mene ne sanadinsa, wajibi ne likita ya duba shi.

Waɗanda suka fi fuskantar haɗari su ne masu aikin kansu. Taɓa ƙullin da hannu kullum yana sa fatar yatsu ta bushe, ta tsattsage, wani lokaci yatsun su riƙa yin sanyi ko dindiris. Monoma na ratsa safar hannu ta roba da aka saba da ita cikin 'yan mintoci, tururinta kuma na damun ido da hanci da maƙogwaro, yana iya tayar da asma. A 2012 ƙungiyar likitocin cututtukan fata na taɓawa ta Amurka ta zaɓi dangin wannan sinadari a matsayin abin da ya fi jan hankali a shekarar wajen haddasa borin fata, saboda yawaitarsa a aikin haƙori da kuma farcen roba na kwalliya.

Abu mafi muni shi ne kwaɓa roba mai sandarewa da kanta a liƙa ta kai tsaye cikin baki, a manne haƙorin da maƙwabtansa yadda ba zai ciru ba, kamar yadda wasu marasa horo ke yi a kasuwanni. A nan ɗanyen monoma ne ke zama a kan dasashi, ga zafin sandarewa, sannan abinci ya riƙa taruwa a ƙarƙashi inda buroshi da asuwaki ba sa kaiwa. Ƙarshen abin yakan zama ruɓewar dasashi da girgiɗewar haƙoran da ke gefe, mai giɓi ɗaya ya koma mai giɓi uku.

Zafin Yobe da hunturu

Yanayin arewacin Yobe na da nasa tasiri a wannan sana'a. A watannin Afrilu da Mayu zafi a yankin Nguru da Gashuwa yakan haura digiri 40. A irin wannan zafi kwaɓin na saurin wuce matakin ƙulli, lokacin aiki ya gajarta, kuma mai aiki na iya jarabtuwa ya ƙara ruwa. Kwalbar monoma da aka bari a rana ko a buɗe tana ƙafewa ko ta fara kauri, shi ya sa ake ajiye ta a kwalba mai duhu, a rufe, a wuri mai sanyi nesa da wuta.

Rashin tsayayyiyar wutar lantarki shi ma ƙalubale ne. Dahuwar awa takwas a digiri 74 na buƙatar na'ura mai riƙe zafi daidai, ko kuma risho da ma'aunin zafi da mai tsaro. Inda aka dogara da ido kawai, ko aka kashe wuta da wuri domin tsimin gas ko kananzir, ragowar monoma ce ke ƙaruwa. A lokacin hunturu kuma, haƙorin roba da aka cire aka ajiye a bushe yakan rasa ruwan da ya sha, ya ɗan karkace, saboda haka a ruwa ake ajiye shi.

Yadda ake rage ragowar

A ɗakin aiki, matakan sanannu ne: a auna gari da ruwa bisa umarnin kamfanin da ya yi su, a jira ƙulli ya yi, a ɗaga zafi a hankali, a kammala da tafasawar awa guda, a bar akwatin ya huce da kansa kafin a buɗe. Idan gyara ne da roba mai sandarewa da kanta, sanya aikin cikin ruwan ɗumi a tukunyar matsi yana rage ramuka da ragowa. Bayan an goge haƙorin ya yi santsi, jiƙa shi cikin ruwa na aƙalla awa 24 kafin a miƙa wa mai shi yana fitar da kaso mai yawa na monomar da za ta ƙare a bakinsa.

Mai karɓar haƙori ma yana da abin yi. Yana da haƙƙin tambaya ko robar dafawa ce ko mai sandarewa da kanta, da ko an jiƙa ta. Idan sabon haƙori na tashin wari mai kaifi irin na man goge farce, ya jiƙa shi cikin ruwa mai tsabta yini guda, yana sauya ruwan, kafin ya fara sawa. Kada ya tafasa shi a gida, domin zai karkace. Kada ya liƙa karyayyen haƙori da gam ɗin kanti. Ya riƙa cire shi da dare, ya wanke da buroshi da sabulu marar ƙarfi, ya ajiye a ruwa. Idan baki ya ɗauki zafi ko ya kumbura, ya cire haƙorin ya koma wurin likita da shi.

Wa doka ta ba izinin wannan aiki

A Najeriya, duba baki da yanke shawarar irin haƙorin da ya dace aikin likitan haƙori ne mai rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ƙasa. Ƙera haƙorin kuwa aikin masanin fasahar haƙora ne, wanda hukumar rajistarsu, da aka kafa da doka mai lamba 43 ta 1987, ke ba lasisi. Horar da irin waɗannan ma'aikata ya fara ne a makarantar tarayya da aka buɗe a Legas a 1955, wadda daga baya aka mayar Enugu. Hukumar NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke da alhakin sa ido kan kayayyakin aikin lafiya da sinadarai da ake shigowa da su, don haka gari da ruwan da ba su da suna, ranar ƙarewar aiki ko umarnin awo abin gudu ne.

Doka kaɗai ba za ta hana mutumin ƙauye zuwa wurin mai araha ba matuƙar ƙwararren yana nesa. Abin da zai rage matsalar a wurare irin Jajimaji shi ne asibitocin ƙananan hukumomi su sami likitan haƙori ko da na ziyarar mako-mako ne, a ɗauki awon baki a nan, a aika aikin ɗakin haɗa haƙora mai kayan aiki a babban gari, a dawo da shi an dafa an jiƙa. Na'urar dahuwa da ma'aunin zafi ba su cikin kayan asibiti masu tsada, kuma wutar sola na iya ɗaukar nauyinsu.

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Haƙorin da aka gama cikin awa ɗaya yakan buƙaci gyara ko sauyi tun kafin wanda aka dafa yadda ya kamata ya nuna alamar gajiya, kuma idan aka haɗa kuɗin gyara da na magani da na haƙoran da aka ƙara rasawa, kwana biyu ko uku na jira sun fi sauƙi ga aljihu da kuma baki.